Darasi: Tumbi Ba Shaidar Arziki Ba Ne

'Yan'uwa fatake, kowa ya san yadda ake turkar rago: a ɗaure shi wuri ɗaya, a cika masa dusa. To, haka muke yi wa kanmu. Iyayenmu da ƙafa suka koro shanu. Mu kuwa daga Paga har kasuwar Tulaku ta Ashaiman muna zaune cikin mota, in mun sauka Nima ko Maamobi sai shayi mai sukari, da dare tuwo malmala uku.

Kitsen ciki yana jawo ciwon sukari da hawan jini. Ga gwaji: yanki igiya daidai tsawonka, ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, akwai aiki.

Na ɗaya, tafiya da sauri, minti 30, kwana 5 a mako. Bayan Asuba ya fi sanyi.

Na biyu, rage sukari, lemon kwalba da soye-soye. A ƙara wake da ganye.

Na uku, kada a ɓata kuɗi kan ɗamarar matse ciki. Tumbi sai jiki duka ya ragu yake sauka, a hankali.

Allah Ya ba mu lafiya.