Kitson da Ya Karɓi Fuskarki

Ɗiyata, kafin ki miƙa wa makitsiya waya ki ce "irin wannan nake so", tsaya ki dubi madubi tukuna. Wadda ke cikin hoton da fuskarta aka yi kitson, ke kuma da taki za ki yi yawo. Zanen aro ba ya rufe katara.

In Allah ya ba ki fuska zagayayya mai kumatu, shuku zai karɓe ki, domin yana tattara gashi ya kai shi tsakiyar kai, sai fuskar ta ƙara tsawo. Aikin da doka ta yi wa iyayenmu ke nan tun daga Matankari har Gecheme, kafin ta zama kitson da sai a tsohon hoto. Mai doguwar fuska kuwa, in ta ɗora tudu a kai ta ƙara wa tsawo tsawo. Ita kalaba ce tata, ta zubo gefe da gefe ta cike mata kumatu. Mai faɗin goshi ta bar kitson da ke janye komai baya, a karkata mata tsaga gefe guda. Kuma tunda yawancin yini kanki na cikin kallabi, ki tuna tudun kitso shi ke ba ɗauri siffa.

Kakanninki Arawa masu zane biyu daga gefen baki zuwa kunne ba su taɓa neman kitson da zai ɓoye kunci ba. Sun san fuskarsu, sun yi mata ado daidai ita.

Abin da ya fi damuna dai gashin goshi ne. Ki duba ƴan mata a gidan biki a Dogondutsi ko Tibiri: da yawa goshinsu ya ja baya tun ba su yi aure ba. Ba maita ba ce, ba kuma sammu ba. Ja ne. Ƙananan kitso da aka ɗame, ga nauyin gashin kanti a bisa, ga man miƙar da gashi ya riga ya raunana shi. In kika ga ƙuraje a bakin tsaga, ko kika kasa ɗora kai a matashi daren kitso, saiwar gashin ce ke kuka. Gashi na tsiro kamar santimita 1 a wata, abin da ya karye zai dawo a hankali. Amma saiwar da aka shekara ana ja tana mutuwa, kuma babu man da ke tayar da ita, ko da shebe ne daga Cadi.

Mai dogon gashi, kada ki ji tsoron almakashi. Bakin da ya tsattsage a datse shi kaɗan, in ba haka ba tsagewar hawa take yi. Ki wanke da karkashi, ki shafa man kaɗe ko man shanu, musamman da hunturu, lokacin da iskar Dallol Mawri ke busar da komai. Bayan tsifa ki bar kai ya sha iska kwana biyu, ki taje daga baki zuwa gindi.

Ranar kitso kuma, in kin ji fatar goshi ta ɗaga tun a layin farko, kada kunya ta hana ki magana. Ki ce, "Inna, don Allah a sassauta hannu."