Darasi: Jirgin ruwan da ke buɗe baki a gaɓar teku, da rayuwar sojojin da suka zauna cikinsa

 Mu da muka tashi a Batsari da Safana, yawancinmu a waya kaɗai muka taɓa ganin teku. Duk da haka darasinmu na yau a kan jirgin ruwa ne, wani irin jirgin soja da ake kira LST a taƙaice, wanda aka ƙera domin ya sauke sojoji da motoci a gaɓar da babu tashar jirgi. Za mu ga yadda yake aiki, da yadda ƙirarsa ta shafi rayuwar waɗanda suka zauna cikinsa.

Matsalar da ta haifar da shi

A shekarar 1940 sojojin Ingila suka gudo daga Dunkirk ta ƙasar Faransa, suka bar tankokin yaƙi da motocinsu a baya, don ba su da jirgin da zai matso bakin yashi ya kwashe su. Babban jirgi yana buƙatar ruwa mai zurfi, ƙaramin jirgi kuma ba zai ɗauki tanka ya haye teku ba. A watan Nuwamba na 1941 wani injiniyan Amurka, John Niedermair, ya zana jirgin da zai yi aikin biyu. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare, Amurka ta ƙera fiye da 1,000. Tsawon kowanne mita 100 ne, faɗinsa kimanin mita 15. Da yawa daga cikinsu a garuruwan da ke nesa da teku aka ƙera su, irin su Evansville da ke bakin kogin Ohio, sannan aka bi kogi da su har teku.

Yadda yake aiki

1. Ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, don ya iya hawa yashi bai kife ba.

2. Yana da tankunan ruwa a cikinsa. A tsakiyar teku ana cika su, jirgin ya yi nauyi ya zauna sosai. Idan an doshi gaɓa sai famfo ya zubar da ruwan, jirgin ya taso sama.

3. Kafin ya taɓa ƙasa, ana jefa anga ta baya, ana sakin igiyar ƙarfe yayin da yake ci gaba.

4. Da ya hau yashi, ƙofofi biyu na goshinsa su buɗe, gadar ƙarfe ta sauko, motoci su fito da ƙafarsu.

5. In an gama, injin jan igiya ya naɗe igiyar angar nan, jirgin ya ja kansa baya zuwa ruwa. Idan teku ya janye kafin a gama, sai zaman jira a kan yashi har ruwa ya dawo.

Abin da tsofaffin sojojin suka fi tunawa

Duk ƙira tana da farashinta, kuma ma'aikatan jirgin ne suka biya. Ɗora faranti a kan ruwa ka girgiza bokitin, za ka ga abin da ake nufi. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ba ya yanka igiyar ruwa, hawa kanta yake yi ya faɗo da ƙarfi, yana tangaɗi hagu da dama. Shi ya sa jiri da amai ba sa fita daga labaran waɗanda suka yi aiki a cikinsa, musamman sojojin ƙasa da aka ɗauko a matsayin fasinja.

Sai rashin gudu. Injinan dizal biyu ne ke tura na zamanin yaƙin, irin waɗanda ake sa wa jirgin ƙasa, kuma gudunsa bai wuce kilomita 22 a awa ba. Mai babur zai wuce shi ba tare da ya matsa ba. Ma'aikatansa sun mai da haruffan sunansa abin barkwanci, suna cewa ma'anarsu ita ce babban abin hari mai tafiyar hawainiya.

Wurin kwana gadajen tamfol ne da aka jera wani bisa wani. Aikin tsaro kamu-kamu ne, galibi awa huɗu a bakin aiki, awa takwas a sauka, dare da rana. Ruwan daɗi da awo ake ba da shi, wani lokaci wanka sai da ruwan gishiri wanda sabulu ba ya kumfa a ciki. Bayan saukar Normandy a watan Yuni na 1944, ɗakin da ya kai tankoki shi ne ya riƙa komowa Ingila cike da dubban waɗanda aka jikkata.

Da duk wannan wahala, sun ƙaunaci jirgin. A ƙarshen shekarar 2000 wasu tsofaffin sojojin ruwan Amurka, kusan su talatin, matsakaicin shekarunsu 72, suka taso da LST-325 daga tsibirin Kirit na ƙasar Girka bayan sun gyara shi da hannunsu. Suka haye tekun Atlantika, suka isa Mobile a ranar 10 ga Janairun 2001. Yau yana Evansville a matsayin gidan tarihi.

Namu na Najeriya

A ƙarshen shekarun 1970 aka ƙera wa rundunar sojan ruwan Najeriya irin wannan jirgi guda biyu a Jamus, NNS Ambe da NNS Ofiom. Ambe yana cikin jiragen da suka kai dakarun ECOMOG birnin Monrovia na Laberiya a watan Agustan 1990. Wanda ya gaje su sunan Hausa gare shi, NNS Kada. Kamfanin Damen ne ya ƙera shi a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya iso Legas a 2022. Tsawonsa mita 100, ma'aikatansa 32, yana ɗaukar sojoji 250, kuma yana da filin saukar jirgi mai saukar ungulu. Sunan ya dace, don kada ma daga ruwa yake fitowa ya ɗora ƙirji a gaɓa.

Aikin da ke gabanka

Saurayin da ya je Laberiya a 1990 yau ya doshi sittin ko ya haura. Idan akwai irinsa a danginku, sojan ruwa ne ko na ƙasa da jirgi ya ɗauka, wayarka ta isa ta adana labarinsa.

1. Ka gaishe shi, ka nemi izini, ka faɗa masa inda sautin zai je. Abin da ya ce sirrin aiki ne, ka bar shi.

2. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin, ka ajiye ta kusa da shi, nesa da fanka da janareta.

3. Ka yi ƙananan tambayoyi: "Baba, me kuke ci? Ina kake kwana? Me ka fara gani da ƙofar ta buɗe?" Sannan ka yi shiru.

4. Awa ɗaya ta sauti mai matsakaicin inganci kusan MB 60 ce. Ka sa wa fayil ɗin suna da kwanan wata.

5. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a Google Drive, ɗaya a memori. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin Katsina.

6. Tsofaffin hotunansa ka ɗauke su a inuwa mai haske. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil don kada ingancinsu ya ragu.

Kada ka jira sai hutun sallah, ka je cikin makon nan. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.