Kare da Kyanwa a Gida: Doka, Riga-kafi da Inshora

A Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ji haushin kare ba. Manomi na ajiye shi don gadin gida da gona, maharbi na shiga duwatsu da shi farautar rani. Kyanwa kuwa ita ce mai tsaron rumbu daga ɓera. Amma kaɗan ne daga cikin masu waɗannan dabbobi suka san cewa ajiye su na da sharuɗɗa a doka, kuma duk ɓarnar da dabba ta yi, mai ita za a nema.

Abin da doka ta tanada

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sanya kula da ajiyewa da zirga-zirgar dabbobin gida kowane iri cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Saboda haka mai kare a Kafanchan, sakatariyar Ƙaramar Hukumar Jama'a zai nufa ya tambayi ƙa'idar lasin da kuɗinsa, na Kagoro ya nufi ta Kaura, na Zonkwa ta Zangon Kataf. Ƙa'idar wata ƙaramar hukuma ba lalle ta zama daidai da ta maƙwabciyarta ba, don haka kada a dogara da abin da aka ji a bakin wani.

A ɓangaren Gwamnatin Tarayya akwai dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2022. Ita ce ta ba likitocin dabbobi na gwamnati ikon duba dabba, da tsare wadda ake zargi da cuta, da hana kai ta wani wuri. Dokokin laifuffuka kuma sun tanadi hukunci ga mai azabtar da dabba, da kuma mai sakaci da ita har ta cutar da wani. Bayan wannan, wanda kare ya ciza yana da damar neman diyya a kotu, musamman idan an shaida cewa mai karen ya san halin dabbarsa tun da farko bai ɗaure ta ba.

Dalilin wannan tsanani

Dalilin shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo shi, ko da yake kyanwa ma na ɗauka ta kuma yaɗa. Ƙwayar cutar na cikin yawun dabba. Idan ta shiga ta rauni sai ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A nan ne mutane ke ruɗuwa: rauni ya warke, an manta da zancen, sai kwatsam yaro ya fara firgita da ganin ruwa. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Yankin Kafanchan na da dalilin ƙara kula. Tun wajen 1927 da layukan dogo suka haɗu a garin ya zama mahaɗar matafiya, kuma yana dab da Jihar Filato, inda babbar kasuwar karnuka ta Dawaki take a Ƙaramar Hukumar Kanke. Karen da aka sayo daga nesa ba a san tarihinsa ba. Binciken likitocin dabbobi a Nijeriya ya sha gano cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka alhali a ido lafiyarsu ƙalau, don haka masu fatauci da masu sarrafa naman kare su ma suna cikin hatsari.

Maganin abin bai da nisa. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda ta zauna can tun 1924, tana yin allurar riga-kafin karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, likita ya ba da takardar shaida mai kwanan wata da sa hannu. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allura, cutar kan rasa hanyar yaɗuwa. Akan kuma yi gangamin allura a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya.

Idan kare ya ciji mutum ko kyanwa ta yakushe shi, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, kada a shafa toka ko barkono, a tafi asibiti a ranar don fara allura. Dabbar kuma kada a yi gaggawar kashe ta. A tsare ta kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma majiyyaci kada ya jira ƙarshen kwanakin kafin ya fara tasa allurar.

Batun inshora

Inshorar kare da kyanwa baƙon abu ce ga yawancin jama'a, ko da yake ta daɗe a wasu ƙasashe: a Suwidin an fara yi wa kare a 1924, a Amurka sai 1982. A Nijeriya kamfanoni kaɗan ne ke yin ta, akasari a manyan birane. Ma'anarta ita ce mai dabba ya riƙa biyan wani kuɗi ƙayyadadde a shekara, kamfani kuma ya ɗauki nauyin asarar da aka ambata a takardar yarjejeniya, ba wadda ba a ambata ba.

Abin da akan ɗauki nauyinsa iri uku ne: kuɗin jinyar dabba, mutuwarta ko satarta, sai diyyar wanda dabbar ta cutar. Ga mai karen gadi na Turawa da ya saya da tsada, biyun farko na iya zama da amfani. Ga karen gida na ƙauye kuwa, kuɗin shekara biyu ko uku na iya zarce darajar karen kansa. Na ukun ne ya fi cancanci a dube shi da kyau, domin kuɗin allurai da jinyar ɗan maƙwabci da shari'a na iya cinye amfanin gonar citta ta shekara guda.

Kafin a sa hannu, a tabbatar kamfanin na da rajista da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, kuma kada a miƙa wa dillali kuɗi ba tare da rasiti na kamfani ba. Sannan a karanta sashen abubuwan da aka keɓe, ko a sa wanda aka amince da shi ya karanta, domin a nan gardama ke tashi. Galibi ba a biyan ciwon da dabba ke da shi tun kafin yarjejeniya, akwai wa'adin jira kafin ta fara aiki, akwai kuma kason da mai dabba zai biya daga aljihunsa a kowace asara. Wasu kamfanoni ba sa karɓar tsohuwar dabba. Maharbi ya tambaya musamman ko raunin farauta na ciki. Mazaunin Kafanchan kuma ya tambayi wane likita kamfanin ya yarda da shi, don yarjejeniyar da ba ta aiki sai a asibitin dabbobi na Abuja ko Kaduna ba ta da amfani ga karen da maciji ya sara da tsakar dare a Kagoro.

Ya kamata a lura cewa kamfanoni kan nemi takardar riga-kafi kafin su karɓi dabba, kuma suna iya ƙin biya idan wa'adinta ya wuce. Takardar nan ce kuma likita zai fara tambaya ranar da aka yi cizo, haka ma ɗan sanda da alƙali. Saboda haka a adana ta tare da rasitin lasin a wurin da ruwa da gara ba sa kaiwa, a kuma rubuta ranar allura ta gaba a bayanta.