Rama da cutar sida

Ƙwayar VIH ita ke kawo cutar sida, wadda ake ce ma kanjamau. Tana shiga jini, tana kashe sojojin da ke tsaron jiki. In sojojin sun ƙaranta, cututtuka sai su samu hanya. Rama tana cikin manyan alamunta. Shi ya sa a ƙasar Uganda, wajen shekara ta 1985, mutane suka sa ma cutar suna mai ma'anar siriri.

Wace rama ce mai tada hankali?

Likitoci suna auna ta da kilo. Mutum mai kilo 60, in ya rage hiye da kilo 6, wato kashi 1 cikin 10 na nauyinshi, kuma yana zawo ko zazzaɓi sama da wata 1, to abin ya kai a gaggauta. Wannan rama ba kitse kaɗai take ci ba, har da tsoka. In tsoka ta tahi, ƙarhin noma da na daka ya tahi.

Mi ke kawo ta?

Na hwarko, abinci ba ya shiga. Baki da maƙogwaro suna yin miki, haɗiya ta yi wuya, marmarin abinci ya gushe.

Na biyu, abin da ya shiga ba ya zama. Zawo da amai suna hidda shi kahin jiki ya amhwana.

Na uku, jiki yana ƙona abinci da sauri don yana cikin yaƙi. Babba mai ƙwayar yana bukatar ƙarin abinci kamar kashi 10 cikin 100 ko da yana jin lahiya. In yana jinya, ƙarin ya kai kashi 20 zuwa 30. Tarin huka ma yana yawan kama masu ƙwayar, shi kuma yana ramar da mutum ƙwarai.

Ba duk ramamme ke da sida ba

Yunwa tana ramarwa, haka ciwon sikari da tarin huka. Akwai kuma mai jiki ɓul-ɓul da ke ɗauke da ƙwayar. Ido ba ya gane ta, sai awon jini. Kada mu nuna mutum da yatsa. Tsoron bakin mutane ya sa wasu sun ɓuya cikin ɗaki har lokaci ya ƙure.

Mi za mu yi?

A tahi gidan likita da wuri. Akwai magani da ake kira ARV. Ba ya hidda ƙwayar daga jiki, amma yana danne ta. Ana shan shi kullum, ba hwashi. Mai shan shi daidai yakan murmure, ya koma aikinshi. Tarin huka kuwa yana warkewa da maganin wata 6.

A gida, a ba majinyaci abinci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini. A zuba garin ƙuli-ƙuli ko mai cikin kunu. A ba shi wake, gujiya, ƙwai, kihi, nono da zogala. In bakinshi yana ciwo, a bar tonka da abinci mai zahi, a ba shi mai laushi. In yana zawo, a dama mishi garin gishiri da sikari na likita cikin litar 1 na ruwa mai tsabta. A tahwasa ruwan sha. A hau ma'auni kowane wata, a rubuta kilo cikin littahi.

Ku ci tare da shi. Ba a ɗaukar ƙwayar ta akushi ko ludayi, kuma mai ciwo ya hi cin abinci in yana cikin ƴan uwa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa 3 ke kawo rama?
2. Mace mai kilo 50 ta koma kilo 44. Kilo nawa ta rage? Ya wuce kashi 1 cikin 10?
3. Rubuta abinci 4 na garinku masu gina jiki.