Yadda Ake Gano Mawaƙi Tun Kafin Duniya Ta San Shi

Wanda ya fara jin sunan Hamisu Breaker a 2020, lokacin da kullen korona ya tsare mutane a gida, matan aure suna taka rawar "Jaruma" a gaban mazajensu ana yaɗawa a waya, zai ce dare ɗaya Allah kan yi Bature. Alhali mutumin Ɗorayi ya shafe shekaru yana shiga situdiyo yana fita, kuma akwai waɗanda suka riƙe sunansa tun bai kai ko'ina ba. Haka Ado Gwanja, matan Kano sun daɗe da saninsa a gidajen biki kafin "Warr" ta karaɗe Arewa a 2022.

Masu riga kowa ji ba duba suke yi ba. Sun san inda ake zuwa ne, sun kuma san abin da ake saurara. A cikinsu akwai furodusa mai neman sabuwar murya don fim, da mai shirin waƙoƙi a rediyo, da mai kiɗan biki, da wanda kawai Allah Ya ɗora wa son waƙa. Idan kana zaune a Kano tsakanin Unguwa Uku, Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, aikin ya zo maka da sauƙi, domin Titin Zoo da kasuwar waya ta Farm Centre da babbar tashar Unguwa Uku duk ba su fi ƙarfin kuɗin adaidaita sahu ba. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: saurari na baya

Mawaƙin gobe yawanci yana tsaye ne a bayan mawaƙin yau. Tun a zamanin makaɗan fada haka abin yake. Musa Ɗanƙwairo da amshi ya fara a ƙungiyar mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, kafin ya zama jagoran tasa. Zuwan fiyano bai sauya wannan tsari ba. Don haka idan sabuwar waƙar wani babba ta fito, ka saurare ta sau ɗaya don jin daɗi, sannan ka maimaita don 'yan amshi. Wace murya ce take ɗaukar amshin ta ɗaga shi? Wace ce take shiga daidai kan gaɓa, ba ta riga ba, ba ta makara ba? A waƙoƙin fim ka ƙara lura, domin jarumin da kake gani bakinsa kawai yake motsawa, mai muryar yana can ba a nuna shi ba. Nemi sunansa ka ajiye.

Mataki na biyu: zauna wurin makaɗi

Tun da harkar finafinan Hausa ta kafu a Kano bayan fitowar "Turmin Danya" a 1990, ofisoshin 'yan fim da ɗakunan naɗar waƙa suka yi ta taruwa, har Titin Zoo ya zama matattararsu. Hau benen da ka ji kiɗa yana fita, ka yi sallama, ka nemi izinin zama. Mutumin da ya fi kowa sanin wanda zai tashi shi ne makaɗin da ke gaban fiyano da kwamfuta, domin shi ke jin murya tun ba a yi mata kwalliya ba.

Ka lura da yaran da ke zaune a kan benci. Wani zai shigo da ƙaton tabarau da abokai huɗu, ya shiga ɗakin murya, baiti ɗaya sai an yanka masa shi gunduwa-gunduwa ana haɗawa. Wani kuma yana rakuɓe da littafin makaranta da ya cika da rubutu, yana jiran a gama da masu kuɗi a ba shi ragowar dare. In ya shiga, sai ya ɗora baiti ya dire shi da numfashi ɗaya. Makaɗi ya ce masa, "Ƙanena, sauko da muryar kaɗan," ya sauko nan take ba gardama. Wannan na biyun shi za ka tambayi sunansa. In an tashi shan shayi, ka ce da makaɗin, "Maigida, cikin yaran nan wa kake yi wa aiki ko bai cika kuɗi ba?" Sunan da ya ambata ya fi duk wani talla.

Mataki na uku: cire masa kiɗa

Manhajar gyaran murya tana iya miƙar da karkatacciyar murya, kiɗa mai daɗi kuma yana rufa wa raggon baiti asiri. Saboda haka ka nemi jin yaron ba kiɗa, ko da a bakin shago ne, yana buga gefen tebur da yatsa. Abu uku ake dubawa. Na ɗaya, ko muryar tana tsayawa a kan karinta daga farko har ƙarshe. Na biyu, ko kana jin kowace kalma ba tare da ka ce ya maimaita ba. Na uku, ko baiti na biyu da na uku suna da abin faɗa, domin kusan kowa yana iya samo amshi mai daɗi, amma a tsakiyar waƙa ake gane mai hikima. Duba ƙafiyarsa: ma'ana ce ta kawo kalmar, ko cusa ta aka yi don ƙarshen layi ya yi daidai? Aminu Ala marubucin littattafai ne kafin waƙa ta fito da shi, kuma duk mai sauraronsa yana jin alƙalami a cikin baitocinsa.

Don wannan gwaji ba sai ka tsaya a situdiyo ba. Walimar saukar Alƙur'ani a makarantun Islamiyya da majalisin sha'irai a watan Maulidi wurare ne da ake jin murya tsirararta, daga ita sai lasifika ko mandiri.

Mataki na huɗu: tambayi masu tura waƙa

Daga nan sai Farm Centre. Tsakanin masu sayar da waya da masu gyara akwai samari da kwamfuta a kan ɗan tebur, igiyoyin caji sun harɗe a gabansu, suna tura waƙoƙi da finafinai a memori. Intanet ta rage musu ciniki, amma har yanzu su ne ma'aunin abin da talaka ke nema da kuɗinsa. Kada ka tambayi wadda ake yayi, wannan kowa ya sani. Ka ce, "Wace waƙa ake zuwa nema ba a san sunan mai ita ba?" Idan mutum ya tsaya yana rera wa mai turawa amshi don a gane wadda yake nufi, waƙar ta riga mai ita fita, kuma shi ma yana tafe.

Ka ƙarasa tashar Unguwa Uku. Direban da zai kama hanyar Zariya da Kaduna ba ya wasa da memorinsa, kuma ba ya jin kunyar tsallake waƙar da ta gundure shi. Wadda ya mayar baya ya sake saurara, fasinja na baya ya miƙo wuya yana tambayar ta wace ce, ita ce abin nemanka. Haka lasifikar 'yan adaidaita sahu: in ka ji baƙuwar waƙa a cikin babura daban-daban tsakanin Gadar Dangi da Unguwa Uku, kada ka bari ta wuce ka.

Mataki na biyar: bi shi gidan biki

A Kano mata ne suke ɗaga mawaƙi. Ali Jita, ɗan yankin Gyaɗi-Gyaɗi, da waƙoƙin amare ya shiga gidaje. In an gayyaci yaron da kake bibiya kamu ko dina, ka je ka tsaya daga gefe. Kada liƙin farko ya ruɗe ka, na dangi ne da ƙawayen amarya, ko wa ya riƙe makirufo za a yi shi. Abin dubawa shi ne ko zuwa zagaye na biyu mata sun karɓe amshin da bakinsu, ko iyayen da ke zaune sun fara gyaɗa kai, da kuma yadda yake yi idan wuta ta ɗauke kiɗa ya tsaya. Mai baiwa ci gaba yake yi da tafi. In an tashi kuma, ka ga ko akwai wadda ta aiko a karɓar mata lambarsa don bikin 'yarta.

Mataki na shida: sai yanzu ka buɗe waya

Da gangan aka bar TikTok da YouTube da Audiomack zuwa nan. Yawan masu kallo ana iya sayensa, kuma ko na gaskiya ne, labarin abin da ya riga ya faru yake ba ka. Abin da ya fi adadi shi ne su wa suke hawa waƙar. In abokansa ne da 'yan unguwarsu, da saura. In ka ga wata a Maraɗi, wani a zangon Kumasi, wani a Jidda, ba wanda ya san shi ko ya roƙe su, to ta kama hanya. Ranar da ka gan ta a "Zafafa Goma" na Arewa24, ba ganowa ka yi ba, labari ka ji tare da kowa.

Mataki na bakwai: jira ta biyu, sannan ka riƙe amana

Waƙa ɗaya sa'a tana iya bayarwa. Jira ta biyu da ta uku, ka ga ko sabon abu ya kawo ko tsohon ya sauya wa riga. Ka kuma duba halinsa: cika alkawarin lokaci, biyan makaɗi, girmama 'yan amshinsa. Da yawa murya ta kai su bakin ƙofa, hali ya dawo da su.

In ka gamsu, to akwai haƙƙi a kanka. Idan aiki za ka ba shi, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa za a biya, wa ya mallaki waƙar, a shafin wa za a ɗora ta. A sa sunansa da na makaɗi a jikin aikin. Ka nuna masa hanyar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ya yi rajista tun kafin wata matsala ta taso. Idan kuwa kai mai sauraro ne kawai, ka biya masa zaman situdiyo ɗaya in da hali, ka kai waƙarsa wurin mai kiɗan biki da mai shirin rediyo, kuma duk wanda ka tura wa, ka haɗa da sunan mai ita.