DARASI: Hasken Rana Da Haɗin Kan Ƙasashe

Manomin rani a fadamar Haɗeja ya san zafin kuɗin fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, injin ban-ruwa yana cinye ribar tumatir da albasa. A Birniwa kuma itacen girki yana ƙara nisa, hamada tana matsowa daga arewa. Amma akwai arzikin da wannan yanki yake da shi ba awo, wato rana.

1. Makamashi mai tsabta

Makamashi mai tsabta shi ne ƙarfin da ake samu ba tare da hayaƙi ba, kamar daga rana ko iska ko ruwa mai gudu. Farantin sola yana karɓar hasken rana ya mayar da shi lantarki. Lantarkin nan shi ke juya famfo ya jawo ruwa. Haske farantin yake bukata, ba zafi ba.

2. Dalilin haɗa kai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wata ƙasa tana da masana, wata tana da kuɗi, wata kuma tana da rana mai yawa. Saboda haka a 2009 aka kafa hukumar IRENA a birnin Bon na Jamus. A 2015 kuma Indiya da Faransa suka ƙaddamar da Ƙawancen Ƙasashe Kan Hasken Rana a birnin Faris. Nijeriya tana cikin ƙungiyoyin nan biyu. Da bincike ya ci gaba, masana'antu suka yawaita, sai farashin farantin ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya da bashin dala miliyan 750 domin yaɗa irin wannan lantarki.

3. Abin da ya faru a Jigawa

A 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, gwamnatin jiha ta soma shiri da wata ƙungiyar Amurka mai suna SELF. Aka kai sola ƙauyuka uku, ciki har da Ahoto da Wawan Rafi. Aka sa famfunan ruwan sha, da firjin ajiye allurar rigakafi a asibiti, da fitilu a makarantu, masallatai da tituna. Tela da wanzami suka sami wutar yin sana'a.

4. Aikin mutanen gari

Baƙo yana iya kawo na'ura, amma ba zai zauna ya yi gadinta ba. In ƙurar hunturu ta rufe faranti, ƙarfinsa yana raguwa. Sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da safe. Kada a bar inuwar bishiya ta faɗa kansa. Ƙungiyar manoma ta yi asusun gyara, ta tura matasa su koyi aikin. Wanda ya iya karatu shi ke duba takardar garanti kafin ya biya kuɗi, ba a sayar masa da jabu.

Tambayoyi

1. Me farantin sola yake bukata, haske ko zafi?
2. Waɗanne ƙasashe biyu ne suka ƙaddamar da ƙawancen 2015?
3. Faɗi hanyoyi biyu na kula da faranti.
4. Rubuta jimla da kalmar "makamashi".