Kuɗin Ajiyar Gidan Haya: Yadda A Ke Sasanta Mai Gida Da Ɗan Haya Bayan Tashi

A cikin ƙararrakin da a kan kawo ƙofar hakimi a manyan garuruwa, akwai wata wadda ta ke yawaita, ita ce rigimar kuɗin ajiya. Al'adar masu gidajen haya da yawa ce, bayan kuɗin shekara da ladan dillali, su karɓi waɗansu kuɗi dabam daga hannun mai shiga gida, a ajiye su saboda ko zai yi ɓarna. Ran da ya tashi, in ya bar gida lafiya, a mayar masa. Wurin mayarwan nan ne a ke samun tangarɗa, gama sau da yawa ɗan haya ya kan zo karɓa, sai a miƙa masa lissafi a maimakon kuɗi.

Abu na fari da ya kamata hakimi da malaminsa su riƙe shi ne, kuɗin nan ba kuɗin haya ba ne. Kuɗin haya da zarar an biya sun zama na mai gida. Kuɗin ajiya kuwa har yanzu dukiyar ɗan haya ce, a hannun mai gida kawai ta ke zaune. Saboda haka ba ɗan haya ne zai kawo dalilin da za a mayar masa da abinsa ba. Mai gida ne zai kawo dalilin kowace naira da ya ke so ya riƙe.

Wannan ya yi daidai da ƙa'idar da alƙalai su ke bi tun da, watau kawo hujja a kan mai da'awa ya ke, rantsuwa kuwa a kan wanda ya musa. Malaman Malikiyya sun ɗauki ɗan haya a kan amintacce. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, an bayyana cewa wanda ya yi hayar wani abu ba ya ranko in abin ya lalace a hannunsa, kuma a kan gaskata shi sai fa in ƙaryarsa ta fito. Ranko ya kan hau kansa ne in ya yi ta'adi ko sakaci. Amma a lura, ƙa'idar nan kaifi biyu gare ta. In mai gida ya ce shi sam ba a ba shi ajiya ba, to, a nan ɗan haya ne mai da'awa, shi zai kawo rasit, ko shaidu, ko saƙon banki da ke cikin wayarsa.

Tsufa dabam, ɓarna dabam

Kusan dukan rigimar a nan ta ke. Gida ya kan tsufa ko da kowa a ciki ko babu. Fenti ya kan koɗe, kwano ya kan yi tsatsa, gara ta kan ci katako, daɓen siminti ya kan tsage, famfo ya kan gaji. Mai gida ya riga ya karɓi diyyar wannan duka a cikin kuɗin haya, don haka in ya sake cirewa daga ajiya ya ci sau biyu ke nan. Ɓarna kuwa ita ce abin da ba zai faru ba in da an zauna yadda mutane su ka saba zama, kamar fasa taga, ko huda bango ba da izini ba, ko ɗaure dabbobi a ɗakin kwana.

Ga misali, domin a ga yadda a ke tafiyar da bincike. A ce wani malamin asibiti ya zauna shekara uku a ciki da falo, ya ajiye naira 60,000 ran da ya shiga, sa'an nan aka yi masa canjin wurin aiki. Da ya nemi kuɗinsa, mai gida ya ce fenti ya ci 25,000, gyaran rufi 15,000, sabuwar ƙofa 12,000, bashin wutar lantarki 8,000. Malamin hakimi mai lura zai ga jimlar ta zo 60,000 cif, ba ragi ba ƙari. Lissafin da ya faɗo daidai da ajiya haka ba lalle ne ya zama ƙarya ba, amma ya cancanci a dube shi sau biyu.

Ba a kama jimla a yi ta ciniki a kanta kamar a kasuwar shanu, wannan ya ce rabi, wancan ya ce sulusi. Abu ɗaya ɗaya a ke bi, ana yi wa kowane tambaya uku: yaya ya ke ran da aka shiga, me ya same shi, nawa ne gyaransa na gaskiya.

Zancen fenti, in mai gida ya ce, "Ranka ya daɗe, fari tas na ba shi ɗakin nan," sai a tambaye shi ko ya taɓa ganin fentin da ya shekara uku bai dushe ba. Dushewa ba ta kan ɗan haya. Amma in mai unguwa ya je ya duba, ya tarar bango guda ya yi baƙi ƙirin saboda an riƙa girki da gawayi a cikin falo alhali ga madafa a waje, wannan bangon kam ɗan haya zai biya. A ce mai fenti ya kimanta shi 5,000.

Rufi kuwa, yoyon da tsufan kwano ko iskar farkon damina ta jawo ba laifin mazauni ba ne. Sai dai akwai tambaya guda da ba a tsallakewa, ita ce ko ya sanar da mai gida sa'ad da yoyon ya soma. Mutumin da ya ga ruwa na ɗiga, ya kafa bokiti ya yi shiru damina biyu har silin ya ruɓe ya faɗo, ya yi sakaci, kuma ƙarin lalacewar da shirunsa ya jawo tana kansa. In kuwa maƙwabci ya shaida an faɗa wa mai gida ko wakilinsa bai zo ba, babu ko kwabo da za a cire.

Ƙofa ita ce ta fi wuyar sha'ani, domin a nan ko mai gida mai gaskiya ya kan yi kuskure. Ɗan haya ya amsa cewa yaronsa ne ya karya ta. Mai gida ya sayo sabuwa, ga rasit a hannunsa, yana ganin magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Abin da aka ɓata masa tsohuwar ƙofa ce wadda ta yi shekaru tana aiki, ba sabuwa ba. A wurin malamai, wanda ya halaka kayan wani kimar kayan ce a kansa, in kuwa aibi kaɗan ya sa musu, sai ya biya abin da ya ragu daga kimarsu. In an ba mai gida kuɗin sabuwa cikakku, an mai da shi ya fi yadda ya ke kafin ɓarna, da dukiyar wani. Sai a kira kafinta wanda ba ya cin abincin kowa a cikinsu, ya faɗi kuɗin gyara ko kimar tsohuwar. A ce ya ce 4,000.

Bashin wuta ba ya bukatar dogon bincike. A kawo takardar kamfani, a duba watannin da a ke bi, a duba mutum nawa ke kan mita. In ɗaki huɗu ke shan wutar, kuma bashin na watan ƙarshe ne, rabon mai tashi 2,000 ne. To, abin da ya tabbata duka 11,000 ke nan, saura 49,000 a mayar wa mai su. Kuma ko da an bar ƙofa ana gardama a kanta, ba daidai ba ne a riƙe dukan ajiya dominta. Abin da ba a musu a kansa a biya shi nan take.

Yadda waɗansu ƙasashe su ka yi

Rigimar nan ba ta ƙasar nan kaɗai ba ce. A Ingila, tun shekarar 2007 doka ta tilasta wa mai gida ya sa ajiya a ƙarƙashin wata hukuma da gwamnati ta amince da ita. Kwana 30 a ke ba shi ya yi haka, in ya ƙi kotu na iya cin sa tara har ninki uku na ajiyar. A 2019 kuma aka ƙayyade ajiyar yawancin gidaje, kada ta wuce hayar mako biyar. In an yi saɓani, wani mai duba takardu wanda ba ya gefen kowa shi ke rabawa, kuma mai gida a ke nema ya kawo hujja. A Faransa a kan rubuta halin gida ran shiga da ran fita, in takardun biyu sun yi daidai a mayar da ajiya cikin wata guda, in ba su yi ba cikin wata biyu. A nan gida ma, dokar haya da Jihar Ikko ta kafa a 2011 ta ce a ba da rasit dabam domin kuɗin ajiya, ɗan haya kuma yana da ikon a ba shi lissafi a rubuce kowane wata shida. Dokokin nan ba su hau kan mutanen gundumomin Arewa ba, amma dabarar da ke cikinsu ba ta da tsada, takarda ce da shaidu, kowane mai unguwa na iya koya wa jama'arsa.

Aikin malamin hakimi

Hakimi ba alƙali ba ne. Tun 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e su ka koma na gwamnatin jiha, don haka abin da a ke yi a ƙofar hakimi sulhu ne, ƙarfinsa kuwa yardar mutum biyu ce da kyawun rubutu. In ɗan haya ya zo da kuka, malami ya taimake shi ya rubuta wa mai gida takarda cikin ladabi, a faɗi ranar shiga, da ranar da aka miƙa makulli da gaban wanda aka miƙa, da yawan ajiya, a roƙi lissafi dalla-dalla tare da rasit na kowane gyara, a kuma sa wa'adi, kamar mako biyu. A yi kofe uku, ɗaya ya zauna a ofis. Sau da yawa takardar nan kaɗai ta kan isa, gama mutum ya kan faɗi abu da baki wanda ba zai yarda ya sa hannu a kansa ba.

In an zauna, a saurari mai gida sosai, kada a ɗauka kowane mai gida azzalumi ne. Akwai 'yan hayan da kan tashi da dare su bar shadda a toshe da bashin ruwa. Hotunan da aka ɗauka da waya suna da amfani ƙwarai, muddin an san ranar da aka ɗauke su. In ba hoto ba takarda, sai a nemi dillalin da ya haɗa su, da wanda ya zauna a ɗakin kafin wannan.

A gargaɗi ɗan haya kada ya riƙe makulli don ya matsa wa mai gida, domin muddin makulli na hannunsa ana iya cewa bai tashi ba, haya ta ci gaba da hawa kansa. A gargaɗi mai gida kuma kada ya kulle kayan mutum da ƙarfin kansa. Kai ƙara wurin 'yan sanda ma ba hanya ba ce, gama dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai.

In an daidaita, malami ya rubuta abin da aka cire da dalilinsa, da abin da za a mayar da ranar biya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu. In sulhu ya ƙi, kada a tsare mutane da zama bayan zama. A nuna musu kotun da ke da ikon sauraron irin wannan ƙara a jiharsu. A Jihar Kano, alal misali, an buɗe kotunan ƙananan da'awowin kuɗi a 2019. Malami ya ba kowanensu kofen takardar da aka rubuta wa mai gida, da sunayen waɗanda su ka je su ka duba ɗakin, da bayanin abin da aka amince a kansa da abin da ya rage, domin alƙali ya soma daga inda aka tsaya.